Ruwan naƙuda da abin da ya biyo bayansa

A layin awo babu labarin da ba a ji. Kafin nas ta kira sunanki kin san yadda kwandon tumatir ya kwana a Farin Gada, kin san wacce ta sauka lafiya da wacce aka yi wa aiki. Amma da zarar wata ta ce, "Ni fa likita ya ce ruwan naƙuda za a saka mini," sai ki ga fuskoki sun canza. Wannan ta ce Allah sarki, waccan ta kawo labarin 'yar maƙwabtansu da aka saka wa mahaifarta ta fashe, wata kuma ta raɗa mata cewa ta koma gida ta sha rubutu, haihuwa ai lokaci ce. Da yawa shawarar ƙarshen nan suke ɗauka. Su cusa katin awo a jaka, ba a sake ganinsu sai ranar da aka kawo su ranga-ranga.

Ni an saka mini ruwan nan a haihuwata ta uku, a nan Jos, cikin sanyin Disamba. Na sha wuya, har sai da na cire rai. Duk da haka in aka mayar da ni wannan rana zan sake sa hannu a takardar. Ruwan naƙuda, wato ruwan da ake ɗaura wa mai ciki don a tayar mata da naƙuda, magani ne mai ƙarfin gaske, kuma abin da ya sa na tsallake shi ne akwai masu ilimi da idonsu ke kaina lokacin da yake aiki. Wannan idon kuwa na buƙace shi har na yi arba'in.

'Ya'yana biyu na farko ban san wata wahala ba. Ta fari a ɗakin Innata na haife ta da na je goyon ciki, na biyun a ƙaramin asibitin unguwarmu. Wannan cikin ne ya zo da sabon salo. Ina shiga wata na takwas ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, zobe ya maƙale a yatsa. Surukata ta ce alamar ɗa namiji ne. A wurin awo aka ga jinina ya kai 150 bisa 100, aka gwada fitsari aka samu furotin a ciki. Likitar, wata matashiya mai sanyin magana, ta zaunar da ni da maigida ta ce duk mai cikin da jininta ya kai 140 bisa 90 sai an sa mata ido, in kuma furotin ya fito a fitsari to an kama hanyar jijjiga. Ta ce tushen ciwon daga mabiyiya yake, shi ya sa ƙwayoyi ke danne shi kawai, ba ya warkewa sai an raba uwa da ciki. In ciki ya kai sati 37 kuwa, jariri ya isa fitowa, ci gaba da jira ba ya ƙara komai sai hatsari. Nawa ya shiga sati na 38.

Hawan jini ɗaya ne daga cikin dalilan da ke sa a tayar da naƙuda. Ana yi wa wadda cikinta ya kai sati 41 ba ta ji komai ba, domin daga nan mabiyiya ke fara gajiya da ciyar da jariri. Ana yi wa wadda faya ta fashe mata naƙuda kuma ta ƙi zuwa, saboda ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin cuta. Haka mai ciwon suga, da wadda jaririnta ya daina girma ko ya rasu a ciki. Batun wucewar lokaci ya fi rikita mu, don mu da watanni muke lissafi, wata ta ce tun Rajab ta daina ganin al'ada, wata ma tana shayarwa cikin ya shiga ba ta sani ba. Sikanin na watanni ukun farko ne ke ba da lissafi mafi inganci. Wadda ta fara awo a wata na bakwai ta bar likita da kintace.

Abin da ban sani ba sai da na kwanta shi ne, ba da ruwan ake farawa ba. Sai an duba bakin mahaifa tukuna. In yana da tauri kuma a rufe, ko an ɗaura ruwa wahalar banza za a sha, sai an fara tausasa shi. Wasu ana saka musu siririyar roba mai ƙaramar balan-balan a bakinta, a hura ta da ruwa tana tura bakin mahaifar a hankali. Wasu kuma ƙwaya ake ba su, misoforostol. Ni ƙwayar aka ba ni, kuma a gabana nas ta narkar da ita a ruwa, ta zuƙi ɗan kaɗan da sirinji ta ba ni na sha. Na ce mata, "Sista, wannan ɗan mitsitsin ne zai yi aiki?" Ta ce ƙwaya guda maikirogiram 200 ce, mai naƙuda kuwa 25 ake ba ta a lokaci ɗaya, wato kashi 1 cikin 8, sannan a jira a ga yadda jiki ya karɓa.

A nan raina yake ɓaci. Wannan ƙwayar ce ake sayarwa a kemis da sunan Cytotec, kuma akwai gidajen da ake bai wa mai naƙuda ita sukutum, wai don a gama da wuri. Akwai kuma masu yawo da jaka a unguwa suna tsira wa mata allurar naƙuda a cinya. Allurar nan da ruwan asibiti magani ɗaya ne, oksitosin. Bambancin shi ne a asibiti 'yar kaɗan ake zubawa a cikin ledar ruwa, tana ɗiga ɗigo-ɗigo, in abu ya yi yawa a murɗa a kashe, cikin 'yan mintuna ƙarfinta ya sauka. Wadda aka danna a tsoka gaba ɗaya kuwa ta shiga ke nan, babu mai iya janyo ta. Mahaifa ta yi ta matsa babu hutu, jariri ya rasa iska, in kuma hanya ba ta isa ba mahaifar ta yage. Labarin fashewar mahaifa da ake bayarwa gaskiya ne, yana faruwa, amma a riƙa tambaya a ina aka saka maganin, wa ya saka, nawa aka saka. Wadda aka taɓa yi wa aiki ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba ta ƙwayar nan don tayar da naƙuda, saboda tabon da ke jikin mahaifarta.

Da bakin mahaifa ya yi laushi aka fasa mini faya, aka ɗaura ruwan bayan isha'i. Nas ɗin da ke aikin dare wata dattijuwa ce Birom, da hular sanyi a ƙarƙashin farar hularta, Hausarta irin tamu ta Jos. Ba zan manta hannunta ba. Takan shafa tafukanta su yi ɗumi kafin ta ɗora a cikina, ta kafa wa agogon bango ido har minti 10, tana ƙirga sau nawa cikin ya murɗa da tsawon kowane murɗi. Daga nan ta ɗauko 'yar na'urar jin bugun zuciya ta laluba ƙasan cibiyata, mu ji ɗif-ɗif-ɗif da sauri. Ta ce muddin yana tsakanin 110 da 160 a minti, lafiya lau. Sai ta rubuta a takarda, ta ɗaga kai ta ƙirga ɗigon ruwan, ta wuce gado na gaba. Ba a jimawa sai ga ta ta dawo.

Naƙudar da na sani a baya tana zuwa ta tafi, har ki samu damar yin salati ki gyara kwanciya. Wannan kuwa wajen tsakar dare ta daina ba ni fili, wani murɗin bai sake ni ba wani ya hau. Na cusa bakin zani a baki na cije, don haka aka tarbiyyantar da mu, mace ba ta raki a naƙuda, abin kunya ne a ji muryarki. Sista na zuwa ta dube ni ta ɗora hannu. Ba ta ko cika minti 10 ɗin ba ta miƙa hannu ta kashe ruwan.

"Hajiya, juya ɓangaren hagu. Tun yaushe yake miki haka?"

Na ce ya ɗan jima.

"To ki ji ni da kyau. Dauriyar nan ki ajiye ta sai kin koma gida. A nan in kin ji abu ya canza ki kira ni, ko da ihu ne. Ya wuce sau 5 a minti 10, jaririn nan ba ya samun numfasawa."

Bugun zuciyar ya ɗan sauka, muka yi ta saurare har ya dawo daidai. Sai da komai ya lafa likita ya zo ya duba, aka sake kunna ruwan ƙasa da yadda yake. Na sha tuna maganar matar nan. Dauriya ado ce a wurinmu, ni ma ina alfahari da ita, amma a gadon naƙuda ma'aikaciya ɗaya ce ke kula da mata da yawa, kuma wadda ta yi shiru ita ake zaton lafiyarta ƙalau.

A gadon da ke kusa da ni akwai wata yarinya 'yar haihuwar fari. Ita ruwan bai yi mata aiki ba, bakin mahaifa ya tsaya a santimita 4 alhali sai ya kai 10, ga shi jariri ya yi kashi a ciki. Likita ya ce aiki za a yi. Mijinta ya bi motar kayan gwari zuwa kudu, wayarsa a kashe, uwar mijin kuma ta ce ita ba ta isa ta sa hannu a yanka 'yar mutane ba. Sai da aka taso wan mijin daga Bukuru. Allah Ya sa an ciro yaron da rai. Irin wannan jiran ne, in ya yi tsawo kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, ke barin mace da yoyon fitsari, kuma duk ɗan Jos ya san matan da ke zuwa asibitin Jankwano daga jihohi daban-daban neman gyara. Maza, don Allah in za ku yi tafiya matarku na da tsohon ciki, ku bar wanda zai sa hannu, ku faɗa masa a gaban mahaifiyarku. In kuɗi ne abin tsoro, a watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Ku tambaya tun a wurin awo ko asibitinku na ciki.

Ana kiran sallar asuba na haihu. Mace ce, ba namijin da surukata ta hango ba. Na samu ƙari aka ɗinke ni, mabiyiya ta fita, aka ɗora mini yarinyar a ƙirji. Maigida ya leƙo ya yi hamdala ya fita tsakar asibiti yana ta buga waya, ina jiyo muryarsa yana cewa an sauka lafiya.

Ban ji zafin komai ba lokacin da jinin ya ɓalle, wannan ne abin tsoron. Ɗumi kawai na ji yana bin bayana, sai ƙishirwa mai tsanani, sai kunnuwana suka fara ƙara, fitilar ɗakin ta yi nisa. Barci mai daɗi ya fara fizgata. Sista ta zo duba ni, ta danna ƙasan cibiyata, ta yaye zanin, sai na ji ta ɗaga murya tana kiran sunaye. Daga baya aka yi mini bayani. Inda mabiyiya ta rabu da mahaifa jijiyoyin jini ne a buɗe, kuma abin da ke toshe su shi ne mahaifar ta dunƙule ta yi tauri. Mahaifar da ta kwana tana aiki, musamman da ruwan naƙuda, takan gaji ta saki jiki. Tawa ta saki.

Abin da nake iya tunawa guntu-guntu ne. Hannu yana murza cikina da ƙarfi har na yi ƙara. An huda ɗaya hannun an ɗaura wani ruwan. An saka robar fitsari, don cikakkiyar mafitsara na hana mahaifa dunƙulewa. Oksitosin ɗin da ake tsoro shi aka ƙara mini, yanzu da yawa, domin shi ne maganin farko na tsayar da irin wannan jini. An yi mini allurar tiraneksamik mai hana gudan jini narkewa, wadda ta fi amfani in an yi ta cikin awa 3 da haihuwa. Na kuma ji Sista na ce wa wata, "Ajiye wannan, mai hawan jini ce, duba katinta." Ashe akwai wata allurar tsayar da jini da ke ƙara hawan jini, ba a yi wa irina.

Mililita 500 ne ma'aunin da in mace ta zubar bayan haihuwa ake cewa jini ya yi yawa. Cikin ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya ke nan. A ido ba ta da yawa, kuma zani da katifa suna shanye ta ba a lura ba. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, ga shi ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a shekarar 2020 kaɗai mata wajen 82,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a ga adadinsa da lamba, in ya kai a haɗa dukkan magungunan a lokaci guda maimakon a gwada wannan a jira a gwada wancan. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Ina fata in ga ledar nan a kowane ɗakin haihuwa na Filato, har na ƙauye.

Sai da aka ƙara mini jini. Tun a wurin awo an ce mazaje su zo su ba da leda guda a ajiye, maigida kuma ya je ya bayar duk da abokansa na ce masa ai matarka ba ta da matsalar haihuwa. Wannan ledar aka fara ɗaura mini. Ta biyun ƙaninsa ne ya bayar, ya taho daga Anguwan Rogo a Keke Napep cikin hazon safiya. Da a ce a wannan asubar za a fara neman mai irin jinina, ban san yadda za ta kaya ba.

Na koma gida fari fat, in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, nono ma ya yi jinkirin zuwa saboda jinin da na rasa. Inna ta riga ta iso da shirinta, ga itace an tara, ga ganyen darbejiya, ga kanwa a ƙulle. Likita kuwa ta ce wanka da ruwa mai ɗumi ya isa, kuma kada in kusanci kanwa, don gishirin da ke cikinta na riƙe ruwa a jiki ya ƙara hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da ke zuwa da ciwon zuciya, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Na faɗa wa Inna da ladabi. Ta ce, "Ke da wa kika ga kanwa ta kashe? Ni da ita na yi jegonku duka." Ban ga laifinta ba. Abin da ta sani ke nan na nuna ƙauna, ta baro gidanta ta zo tana tashi tun duhu tana hura wuta saboda ni. Muka tsaya a kan za a sirka ruwan, kunun kuma na riƙa ajiye shi.

Ana gobe suna gida ya cika da mata, ana ta gyaran shinkafa da yankan kabeji, sai kaina ya ɗauki ciwo irin wanda ban taɓa ji ba. Na sha farasitamol bai ko gezau ba. Idona ya fara ganin walƙiya-walƙiya, ƙasan haƙarƙarina na dama ya riƙe. Gwaggona ta ce gajiya ce da rashin barci, wata ta ce a yi mini hayaƙi, mai jego ba ta rasa iska. Maigida ya ɗauko na'urar awon jini da ya saya tun ina da ciki ya ɗaura mini a hannu. 165 bisa 110. Bai tsaya shawara da kowa ba, ya ce, "Inna, a ɗauko mata mayafi, asibiti za mu koma."

Yawancinmu mun ɗauka in an haihu an rabu da hawan jinin ciki. Ashe yakan ƙara hawa a kwana na 3 zuwa na 6 bayan haihuwa, kuma jijjiga na iya kama mace har cikin sati 6. Aka yi mini allurar maganiziyam mai hana jijjiga, mai sa jiki ya ɗauki zafi, aka ƙara mini maganin hawan jini. Ina gadon asibiti aka raɗa wa yarinya suna. Na ji an yi ta ƙananan maganganu, wai wane irin suna ne babu mai jego. Inna ce da kanta ta tare su. Ita ta kwana da ni a asibitin a kan tabarma, kuma da muka dawo ban sake ganin kanwar ba. Ta koma dama mini kunun acha da na gyaɗa, ta yi mini gwate da ganye da yawa, da hanta da zogale saboda jini. Ƙwayar ƙarin jini kuma na ci gaba da sha watanni, duk da tana mayar da bayan gida baƙi tana kuma ɗaure ciki, abin da ba shi da daɗi ga mai ɗinki.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Jiki ya fara dawowa, amma da magariba ta yi sai kuka ya zo mini babu dalili. In na ga jinin biƙi sai gabana ya faɗi, in zauna ina duba zani. Ga yarinya lafiyayya a hannuna, ina jin kunyar in ce ba na jin daɗi, kada a ce na yi wa Allah butulci. Da na faɗa wa likita ba ta yi mamaki ba. Ta ce kukan sati biyun farko da yawan masu jego na yi, yana wucewa da kansa, amma in ya zarce haka, ko mace ta daina barci da cin abinci, ko ta ji ta tsani kanta ko jaririnta, ciwo ne da ake magani. Nawa ya sauka a hankali, da addu'a da kuma samun wanda zan faɗa wa. Ta kuma ja mini kunne cewa zazzaɓi, ko jini mai wari, ko jinin da ya dawo da yawa bayan ya ragu, ko numfashi sama-sama, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, babu wanda ake jira gari ya waye a kansa.

Komawa asibiti ta sati 6 ta zo daidai da arba'in, lokacin da kowa ke shirin yawon gaida dangi, shi ya sa mata da yawa ba sa zuwa. Mun je tare da maigida. Likitar ta ce wadda ta taɓa irin wannan hawan jinin yana iya dawo mata a wani cikin, kuma ko ba ciki ta riƙa awon jininta a kai a kai tsawon rayuwa. In na sake samun ciki in fara awo da wuri, akwai ƙaramar asfirin da za a ɗora ni a kai daga wajen sati 12, kuma haihuwa sai a asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata. Ta ce mu ba da tazarar aƙalla shekara 2 kafin wani cikin. A hanyar dawowa na ce masa ina tunanin yadda Hajiya surukata za ta ɗauki maganar tazarar nan, ita da ke jiran namiji. Ya ce wannan ba aikina ba ne, shi zai je ya yi mata bayani da kansa, kuma a ranar da daddare ya je.